Line Rider: Abin da ya kamata ku sani game da wasan da ake zana hanya a saki ɗan zamiya

Line Rider wasa ne na kwamfuta da ake buɗewa kai tsaye a manhajar shiga intanet irin su Chrome ko Firefox, ba sai an sauke komai ba. Da ka buɗe shi, farin fili za ka tarar da fensir. Ka ja layi mai gangara, ka danna maɓallin kunnawa, sai wani ɗan mitsitsin mutum sanye da hula da ƙyallen wuya mai ratsin ja da fari ya faɗo daga sama bisa keken zamiyarsa, ya sauka kan layinka, ya bi shi duk inda ya nufa. Ba ka da ikon juya shi hagu ko dama, ba ka da birki, ba ka da totur. Ikonka ya ƙare tun lokacin da ka ajiye fensir. Idan hanyar ta yi kyau ya wuce lafiya, idan kuwa ka bar wani tudu ko kwana mai kaifi, sai ka ga keke ya yi gabas mai keke ya yi yamma.

Shi keken zamiya ba shi da ƙafafu. Ɗan dandamali ne na katako da aka ɗora kan dogayen sanduna biyu masu santsi, yaran ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka suna zama a kai su gangaro daga kan tudu. Wanda ya taɓa ganin yara sun zauna cikin fasasshiyar jarka suna sulalowa daga gangaren rairayi ya riga ya fahimci abin.

Daga ina ya fito

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Sulobeniya mai suna Boštjan Čadež ne ya ƙirƙire shi a shekarar 2006, lokacin yana karatun zayyanar kayan masana'antu a Ljubljana, babban birnin ƙasar. Sulobeniya ƙaramar ƙasa ce mai mutum kimanin miliyan biyu, tana maƙwabtaka da Italiya da Ostiriya, ta ɓalle daga tsohuwar Yugoslabiya a 1991. Duwatsun Alps sun ratsa arewacinta, saboda haka zamiya a kan ƙanƙara ba baƙon abu ba ne ga yaron da ya tashi a can. A watan Satumba na 2006 Čadež ya ɗora aikinsa a DeviantArt, wurin da masu zane ke baje kolin ayyukansu, da laƙabin fšk. Kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Kafin shekara ta ƙare miliyoyin mutane sun buɗe shi, kuma aka raɗa wa ɗan zamiyar suna Bosh, daga sunan mai shi.

Wasan ya zo a kan gaɓa. YouTube bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni da kafuwa ba, a watan Oktoba na 2006 ɗin ne ma Google ya sanar da sayensa. Mutane suka rinƙa ɗaukar bidiyon hanyoyin da suka zana suna ɗorawa, wanda ya kalla ya ce ai shi ma zai iya, ya je ya gwada. Ba talla aka biya ba, ido ne ya rinƙa jawo ido.

Fitowar farko ba ta da ko abin gogewa. In ka yi kuskure, ko dai ka san yadda za ka zauna da shi, ko ka zubar da aikin gaba ɗaya ka sake. Daga baya aka ƙara magogi, da damar zuƙo zane kusa ko tura shi nesa, da tuta wadda ake kafawa a tsakiyar tafiya domin kada kowane gwaji ya zama sai an koma farko. Aka kuma raba layuka gida uku. Shuɗi shi ne hanya ta yau da kullum. Ja yana ingiza keken ya ƙara masa gudu. Kore kuwa ado ne kawai, Bosh yana ratsa shi kamar babu, da shi ake zana itatuwa da gidaje da duwatsu a gefen hanya.

Čadež da kansa bai yarda a kira abin da ya yi wasan gasa ba, abin wasa ya kira shi. Babu maki, babu mataki na ɗaya da na biyu, babu abokin gaba, babu wanda zai ce maka ka ci ko ka faɗi. A ganina nan ne sirrin daɗewarsa yake, kuma abin da ya faru da aka yi ƙoƙarin sauya hakan ya isa shaida. A ƙarshen 2006 kamfanin inXile Entertainment na Kalifoniya a Amurka ya sami haƙƙin fitar da shi a na'urorin wasa, kuma a 2008 ya fito da Line Rider 2: Unbound a kan Nintendo DS da Wii da kwamfuta. Aka saka labari: ga Bosh, ga budurwarsa Bailey, ga mugu Chaz. Aka shirya matakai inda ake ba ka hanya mai giɓi ka cike. Har wani gwanin zana hanyoyi da aka sani da TechDawg aka ɗauko ya tsara matakan. Aiki ne mai tsabta, amma yau in an ambaci Line Rider ba shi ake nufi ba. Farin filin nan da fensir shi mutane suka riƙe.

Yadda kwamfuta ke lissafin tafiyar

Abin da ido ke gani mutum ne a kan keke. Abin da kwamfuta ke gani ɗigo goma ne: huɗu a jikin keken, shida a jikin Bosh, wato mazauni da kafaɗa da hannaye biyu da ƙafafu biyu. An haɗa ɗigon nan da juna da wasu sanduna da ba a gani, kowace da tsawon da ya kamata ta kasance. Hoton da kake kallo lulluɓi ne kawai aka yi wa wannan ƙwarangwal. Ƙyallen wuyan ma ba ya taɓa komai, yana kaɗawa ne don ka ji gudun a jikinka.

Sau arba'in a cikin kowace daƙiƙa, kwamfuta tana tsayawa ta yi wa kowane ɗigo tambaya biyu: ina kake yanzu, ina kake ɗazu? Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ita ce saurinsa da inda ya dosa. Sai ta ciyar da shi gaba daidai wannan tazara, ta ƙara masa ɗan ja zuwa ƙasa a madadin ƙarfin da ke sa duk abin da aka saki ya faɗi. Wannan dabara tana ɗauke da sunan Loup Verlet, masanin fiziks ɗan Faransa da ya yi amfani da ita a 1967 wajen lissafin motsin ƙwayoyin zarra a kwamfuta. Masu ƙera wasanni sun so ta domin ba ta da nauyi, kuma ba ta saurin rikicewa.

Bayan an matsar da ɗigon, sai gyara. Wata sanda ta miƙe fiye da tsawonta, sai a jawo bakinta biyu su matso. Wata ta takure, sai a tura su baya. Wani ɗigo ya kutsa cikin layin da ka zana, sai a fito da shi saman layin. Gyara wannan yakan ɓata wancan, don haka ana maimaita zagayen sau shida kafin a nuna maka hoto guda. Daga cikin sandunan akwai waɗanda ke riƙe da Bosh a kan kekensa, su kuma suna da iyakar abin da za su iya jurewa. Da an ja su fiye da ƙima sai su tsinke. Abin da muke kira hatsari ke nan a wasan: ba wani hukunci ba ne aka yanke maka, sanda ce ta tsinke a cikin lissafi.

Abu biyu suka biyo bayan wannan tsari, kuma duk wanda zai zana hanya ya kamata ya san su.

Na farko, layi fuska ɗaya gare shi. Ta gefe guda yana tare keke, ta ɗaya gefen kuwa keken ratsa shi yake yi. Wace fuska ce mai tarewa ya danganta da inda ka faro jan layin. Sabon shiga kusan kullum a nan yake fara tuntuɓe: ya ja kyakkyawar hanya daga dama zuwa hagu, ya kunna, Bosh ya zurma ta cikinta ya yi ta faɗuwa cikin farin fili marar ƙarshe.

Na biyu, babu sa'a ko rashin sa'a a ciki. Muddin ba ka taɓa zanen ba, ko sau dubu ka kunna, tafiya ɗaya za ka gani, ba ragi ba ƙari. Amma ka gusar da ɗan guntun layi ɗaya a farkon hanya da abin da bai kai faɗin gashi ba, sai duk abin da ke gaba ya canza, domin kowane mataki a kan na bayansa aka gina shi. Shi ya sa gwanaye ke gina hanya daga farko zuwa ƙarshe, ba sa komawa baya su yi gyara sai dole. Minti ɗaya na tafiya hotuna 2,400 ne, kuma akwai masu bin su ɗaya bayan ɗaya.

Darasin kimiyya da ba a shirya ba

Ba don koyarwa aka yi Line Rider ba, amma malaman fiziks sun ga amfaninsa, domin yana sa yaro ya gano da hannunsa abin da littafi ke fama ya cusa masa. Ɗauki maganar tudu da gudu. A hanya ta yau da kullum, in babu layi mai launin ja, Bosh ba zai taɓa hawa tudun da ya fi wanda ya gangaro daga kai tsawo ba. Tsawon da ya sauka shi ne jarinsa, da shi yake sayen gudu, da gudun kuma yake sake sayen hawa. Ɗalibin da ya zana kwari ya sa tudun gaba ya ɗara na baya zai ga keken ya haura, ya ja numfashi, ya dawo da baya. Ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Haka zancen da'ira, wadda kowa ke son ya zana keke ya zagaya ta ciki, kai a ƙasa ƙafa a sama. Lissafin littafi ya ce, ko da babu wata gogayya da ke rage gudu, dole a faro daga tsawon da ya kai ninki biyu da rabi na tazarar tsakiyar da'irar zuwa bakinta. Ƙasa da haka, keken zai saki hanya kafin ya kai ƙololuwa. A cikin wasan ma sai ka ƙara a kan haka, domin lanƙwasar da ka zana da hannu ba lanƙwasa ce ta gaskiya ba, gajerun miƙaƙƙun layuka ne aka jera, kuma kowace mahaɗa tana ɗan cin gudun.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne sauka bayan tsalle. Mutum yakan ɗauka cewa abin da ke kashe Bosh shi ne nisan faɗuwa. Ba haka ba ne. Zai iya faɗowa daga nesa ƙwarai ya tsira, in dai layin da zai tarbe shi ya kwanta daidai da inda ya doso, ya karɓe shi a hankali sannan ya lanƙwasa. Amma ɗan gajeren tsalle ya isa ya wargaza shi in ya faɗa kan shimfiɗaɗɗen layi. Dalilin ke nan da ya sa filin saukar masu tsallen ƙanƙara yake da gangara sosai. A kwarin Planica, can a ƙasar su Čadež, ɗan Ostiriya Sepp Bradl ya zama mutum na farko da ya yi tsallen da ya haura mita 100 a 1936, kuma abin da ya sa irin wannan tsalle ba ya karya ƙafa shi ne wannan ƙa'ida da kowane mai Line Rider ke koya bayan ya kifar da Bosh sau da yawa.

Akwai ma tsohuwar tambaya da masanin lissafi Johann Bernoulli ya jefa wa takwarorinsa na Turai a 1696: tsakanin wuri mai tudu da wani da ke ƙasa can gefe, wace hanya ce abu zai bi ya fi saurin isa? Hankali zai ce miƙaƙƙiya, tunda ta fi gajarta. Amsar ita ce lanƙwasasshiya, wadda ta fara da gangara mai tsanani ta tara gudu da wuri sannan ta kwanta. Ana iya zana hanyoyin biyu a gwada a cikin 'yan mintoci.

Sai dai malami ya yi hattara. Wasan kwaikwayon duniya yake yi, ba ma'auni ba ne. Yana da kyau wajen nuna yadda abu ke faruwa, ba wajen fitar da adadin da za a rubuta a jarrabawa ba. Jan layi ma gudu yake bayarwa daga babu, abin da ba ya faruwa a zahiri.

Kuskuren da ya zama sana'a

Wurin da wasan ya saɓa wa duniyar gaske, nan ne gwanayensa suka kafa sansani. An ce in ɗigo ya kutsa cikin layi ana fito da shi sama. To domin kada keke mai tsananin gudu ya tsallake layi ba a lura ba, kowane layi yana da wani ɗan yanki a ƙarƙashinsa da ba a gani, wanda duk ɗigon da ya faɗa ciki ake fizgo shi zuwa saman layin nan take. Masu wasa suka lura cewa in ka ajiye ɗan guntun layi a daidai wurin da ya dace, ba sai keken ya hau kansa ba: yankin nan zai kama hannun Bosh ko wutsiyar kekensa ya fizge shi. Suka sa wa dabarar suna rijiya, saboda yadda take jan abin da ya matso bakinta. Da jerin irin waɗannan guntaye ana iya juya shi a iska, a tsayar da shi cak, a harba shi sama, ko a sa shi rawa a wuri guda ba tare da ya taka wata hanya ba.

Wasu kuma suka ƙware a tafiyar da keken a kan wutsiyarsa kaɗai ko a kan hancinsa, ya yi nisa bai kife ba. Wasu ba ruwansu da wannan duka, koren layi suka runguma, suna shafe watanni suna zana birane da kogo da dodanni, layi ɗaya bayan ɗaya, Bosh ya ratsa ta ciki cikin 'yan daƙiƙu. Tsakanin masu ado da masu dabara an daɗe ana ja-in-ja a kan wane ne ke yin Line Rider na gaskiya. Ni dai hanyar da ta cika fizge-fizge har ido ya kasa bin abin da ke faruwa ba ta burge ni, ko da na san wahalar da aka sha. Gwaninta ce da sai gwani ɗan'uwanka zai gane.

Abin da ya dawo da wasan idon duniya bayan an ɗauka ya mutu shi ne kiɗa. Tunda tafiyar ba ta canzawa, ana iya daidaita kowace sauka da kowane karo su faɗa daidai kan bugun kiɗa. A 2017 wani mai laƙabin DoodleChaos ya fitar da bidiyon hanyar da ya ɗora a kan In the Hall of the Mountain King, kiɗan da Edvard Grieg ɗan Norwe ya tsara a 1875 domin wasan kwaikwayon Peer Gynt. Kiɗan yana farawa a hankali kamar mai sanɗa, yana ƙara sauri da ƙarfi har ya zama guguwa, hanyar kuma tana bin sa taki bayan taki. Miliyoyin mutane suka kalla, da yawansu ba su taɓa jin sunan wasan ba. A 2017 ɗin kuma wani mai laƙabin Rabid Squirrel ya fitar da hanya mai tsawon kusan minti 50, wadda ya ɗora a kan faifai sukutum na ƙungiyar makaɗan This Will Destroy You ta jihar Texas. Wannan ya wuce wasa, fim ne da aka yi da layi da ɗan mutum guda.

Yadda ya tsira bayan mutuwar Flash

Da manhajar Flash aka gina Line Rider na asali, kamar dubban ƙananan wasannin intanet na wancan zamani. Wayar iPhone ba ta taɓa karɓar Flash ba, kuma a 2010 Steve Jobs ya fito fili ya bayyana dalilansa. A 2017 kamfanin Adobe ya sanar zai daina kula da ita, ya kuma cika alkawari ranar 31 ga Disamba, 2020. Wasanni da yawa sun tafi tare da ita.

Line Rider ya tsira ne saboda masoyansa sun riga sun sake gina shi. Akwai Line Rider Advanced da ake saukewa a kwamfuta, akwai kuma wanda David Lu ya rubuta da JavaScript, harshen da kowace manhajar shiga intanet ta yau ke ji, shi ne wanda ake buɗewa yanzu. Aikin yana da wata wahala ta musamman. Mai sake gina tsohuwar manhaja yakan gyara kurakuranta ne, amma a nan ba dama. Da an gyara rijiyar nan, ko an sauya jerin yadda ake lissafin sanduna, duk hanyoyin da mutane suka ɓata shekaru suna zanawa za su rushe, Bosh ya kife tun a daƙiƙun farko. Dole aka kwafo lissafin yadda yake, har da karkacewarsa.

In za ku gwada

Kyauta ne a intanet, rubuta sunansa a wurin bincike ya isa. Ya fi daɗi a kwamfuta mai linzami fiye da fuskar waya, domin yatsa ba ya ba da daidaiton da ake buƙata. Babu harbi, babu jini, babu caca a cikinsa, don haka iyaye ba su da abin fargaba ta wannan fuska. Abin da yake ci shi ne lokaci, kuma yana ci sosai, saboda kowane kifewa yana zuwa da tunanin cewa ɗan gyara kaɗan ya rage.

Ku fara da gangara mai sauƙi, ku ja ta daga hagu zuwa dama a ƙarƙashin inda Bosh ke faɗowa. Kada ku yi gaggawar zana da'ira. Ku yi amfani da abin jan miƙaƙƙen layi maimakon fensir in hannunku na rawa, ku kafa tuta kafin duk wurin da kuke gyarawa, ku kuma rinƙa adana aikinku kafin wuta ta ɗauke. Malamin da ke da ɗakin kwamfuta a makarantarsa kuwa, ya ba ɗalibai aiki ɗaya tak: su sa Bosh ya tsallake rami ya sauka lafiya ba tare da layi mai launin ja ko ɗaya ba, sannan kowa ya yi bayanin dalilin da ya sa tasa hanyar ta yi aiki ko ta ƙi.